Janar Lugga da Yaƙin Kwatarkwashi: Sharhi a Kan Yadda Aka Rubuta Labarin 1903

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Tsafe zuwa Gusau ba zai rasa ganin dutsen Kwatarkwashi ba. A kewayen wannan dutse ne, cikin ƙasar Bunguɗu ta yanzu, rundunar Kano ta yi karo da sojan Turawa a ƙarshen watan Fabrairu na 1903, Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa tare da jama'a mai yawa. Ɗalibanmu da suka fito daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun san dutsen tun suna yara, amma labarin yaƙin sai sun zo aji su ke jinsa, kuma yawanci a bakin littattafan da aka rubuta da Ingilishi, inda a kan sa shi cikin jerin nasarorin mutum guda, watau Janar Frederick Lugard, wanda Hausawa suka fi sani da Gwamna Lugga.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu auna yadda aka rubuta labarin Lugga a matsayinsa na soja kuma shugaban yaƙi, mu ɗauki Kwatarkwashi ta zama ma'auni. Rubuce-rubucen da za mu fi dubawa uku ne. Na farko tarihin rayuwarsa da Margery Perham ta rubuta, juzu'i biyu, ɗaya ya fito 1956 ɗaya 1960. Na biyu littafin D. J. M. Muffett mai suna Concerning Brave Captains, na 1964. Na uku kuwa sanarwar da gwamnatin Ingila ta buga cikin Satumba 1903, sa'ad da ta ba hafsan da ya ja soja a Kwatarkwashi lambar jarumta.

1. Lugga Soja

An haifi Lugga a Madras ta ƙasar Indiya ran 22 ga Janairu 1858. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst cikin 1878, amma mako takwas kaɗai ya yi aka yaye su, saboda Ingila tana tsammanin yaƙi. Ya halarci yaƙin Afganistan na 1879 zuwa 1880, da na Sudan a Suwakin cikin 1885, da na Bama cikin 1886 da 1887, inda ya sami lambar yabo. Daga nan ya bar aikin soja na yau da kullum ya shiga yi wa kamfanoni aiki a Afirka. Cikin 1888, a Karonga, bakin tafkin Nyasa, ya ja 'yan mutane kaɗan suka fāɗa wa kagarar wani mai fataucin bayi, harsashi ya ratsa hannuwansa biyu da ƙirjinsa. Cikin Janairu 1892 a Mengo ta ƙasar Buganda ya sa baki cikin rikicin ɓangarori biyu na Kirista, bindiga mai ruwa da ya ke da ita ta rinjayar da ɓangaren da ya goya wa baya. Cikin 1894 Kamfanin Neja ya tura shi Bargu, ya riga Faransawa isa Nikki da 'yan kwanaki, a wannan tafiya ma aka harbe shi da kibiya a ka. Cikin 1897 aka ɗora masa kafa rundunar tsaron iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda ita ce tushen sojan Nijeriya. Ran 1 ga Janairu 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya zama Babban Kwamishinan Arewa, da muƙamin Birgediya Janar.

Wanda ya karanta wannan jerin zai ga abu biyu. Na ɗaya, mutumin ba matsoraci ba ne, kuma Perham ba ta yi ƙari ba da ta nuna haka, gama tabon jikinsa ya isa shaida. Na biyu, wanda masu yabo ba su cika tsayawa a kansa ba, duk faɗace-faɗacen da ya ja da kansa ƙanana ne, na ɗaruruwan mutane ko ƙasa da haka. Bai taɓa tsayawa a fagen fama yana sarrafa dubban soja ba irin yadda Kitchener ya yi a Omdurman cikin 1898. Saboda haka in muka kira shi Janar, ya kamata mu san irin janar ɗin da mu ke nufi. Gwanintarsa tana wajen haɗa runduna daga babu, da tanadin guzuri, da zaɓen lokaci, da sanin inda abokin gāba ya ke da rauni.

2. Wa Ya Ja Yaƙin 1903

Kafin 1903 Lugga ya riga ya bi manyan garuruwan daular Sakkwato ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bida da Yola cikin 1901, Bauci cikin 1902, Zariya ma ta shiga hannu cikin wannan shekara. Saura Kano da Katsina da Sakkwato kanta. Ran 3 ga Oktoba 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan ne dalilin da Lugga ya riƙe. Ya haɗa da wata wasiƙa da ya ce ta zo masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman cikin 1902, wadda ya fassara da cewa shelar yaƙi ce. Akwai kuma dalili na uku wanda ba a cika gaya wa ɗalibai ba: hukumar shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa tana gab da fara aiki a arewacin Sakkwato da Katsina, kuma abin kunya ne ga Ingila a ce ƙasar da ta ke da'awa a kan taswira ba ta iya shigarta.

Ofishin Ƙasashen Mallaka a Landan bai so wannan yaƙi ba. Sakatarensa, Joseph Chamberlain, yana Afirka ta Kudu a lokacin, waɗanda ya bari a baya kuwa a jarida suka fara jin cewa ana shirin tafiya Kano. Da suka ga bakin alƙalami ya bushe, sai suka tura Janar Kemball, Sufeto Janar na rundunar, ya karɓi jagorancin yaƙin.

To, ga yadda abin ya gudana. Kanar Morland ya tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903 da soja baƙar fata fiye da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Ya ci Bebeji, sa'an nan ya shiga Kano ran 3 ga Fabrairu, alhali Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato gaida sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Kemball ya iske su a Kano, runduna ta nufi yamma ta hanyar Ƙauran Namoda. A ƙarshen Fabrairu aka yi Kwatarkwashi. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Lugga bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan faɗace-faɗace da idonsa ba. Ya isa Kano bayan an ci ta, ya isa Sakkwato ran 19 ga Maris, kwana huɗu bayan an gama, ran 21 ya naɗa Attahiru na Biyu, ya yi jawabin nan da ya ce mulki ya koma hannun Ingila bisa haƙƙin wanda ya ci da yaƙi.

Ba mu faɗi wannan don mu rage masa wani abu ba, domin Babban Kwamishina ba aikinsa ba ne ya tsaya cikin sahu. Mun faɗe shi ne saboda jimlar nan da ta zauna a bakin ɗalibai, cewa Lugga ya ci Kano da Sakkwato, tana haɗe ayyuka uku na mutane daban daban. Shawarar yin yaƙi ta Lugga ce shi kaɗai, ladanta da alhakinta duka nasa ne. Sarrafa runduna na Kemball ne da Morland. Tsayawa gaban doki da mashi kuwa na sojan da suka riƙe bindiga ne, waɗanda mafi yawansu Hausawa ne da Yarabawa. Malamin da bai rarrabe waɗannan uku ba ya koyar da tatsuniya da sunan tarihi.

3. Abin da Sanarwar Ta Faɗa da Abin da Ta Bari

Sa'ad da labarin faɗuwar Kano ya iske Sarki Alu yana kan hanyar dawowa cikin ƙasar Zamfara, jama'arsa ta rabu. Shi Sarki ya fita da dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926. Wambai Abbas ya ja wani ɓangare ya koma Kano ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki a farkon Afrilu. Waziri Ahmadu ya ja ɗaya ɓangaren, shi ne ya gamu da wata ƙaramar ƙungiyar sojan doki a ƙarƙashin Laftanan Wallace Wright. Littattafai sun saɓa a kan ranar, tsakanin 25 da 26 da 27 ga Fabrairu.

Sanarwar da aka buga a Landan ta ce Wright, da hafsa ɗaya da soja 44, ya tare hanyar mahaya 1,000 da dakaru 2,000, ya jure hare-harensu har sa'a biyu, da suka ja da baya ya bi su. A kan wannan aka ba shi Victoria Cross, lambar da babu ta sama da ita wajen jarumta a sojan Ingila. Daga baya shi ma ya kai Birgediya Janar, ya kuma zauna a Majalisar Ingila daga 1928 zuwa 1931.

Wannan 'yar gajeriyar takarda ita ce uwar yawancin abin da a ke maimaitawa a kan Kwatarkwashi, don haka ta cancanci a karanta ta da natsuwa. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai karatu ya lura da su.

Na farko, ƙidayar. Adadin soja 44 ƙidayayye ne, ba a jayayya da shi. Amma 1,000 da 2,000 kintace ne na wanda ke tsakiyar ƙura, ana sukuwa a kansa, kuma an rubuta shi cikin takardar da manufarta ita ce ta nuna mutum ya cancanci lada. Lambobi biyun ba darajarsu ɗaya ba, ko da ya ke an jera su cikin jimla guda. Bugu da ƙari, jama'ar da ta raka sarki gaisuwa ba duka mayaƙa ba ne, domin ayarin sarki ba ya tafiya sai da barori da zagage da masu ɗaukar kaya.

Na biyu, halin da rundunar Kano ke ciki. Sanarwar ta kira su abokan gāba masu tahowa, shi ke nan. Ba ta gaya mana cewa mutane ne da aka ci garinsu ba sa nan, iyalansu na can hannun baƙi, sarkinsu ya bar su, 'yan'uwansu sun rabu da su a kan shawara. Wanda bai san wannan ba ba zai gane nauyin abin da Waziri ya ɗauka ba sa'ad da ya zaɓi ya fāɗa wa bindiga. Mutanen Kano sun gane, shi ya sa har yau su ke kiransa Ahmadu Mai Shahada.

Na uku, makamai. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma an yi wannan karin magana ne a zamanin da kowa ke riƙe da mashi da takobi da baka. Soja da aka hora su tsaya murabba'i, fuska huɗu, da bindigogi masu ɗuri ta baya, suna harbi tare bisa umurni, suna iya kayar da doki tun bai kawo inda mashi zai yi aiki ba, lifidi da sulke kuwa ba su tare harsashi. Abin da ya faru a Kwatarkwashi shi ya faru a filin Sakkwato bayan mako biyu da 'yan kwanaki, shi ne kuma ya faru a Omdurman. Jarumtar Wright gaskiya ce, domin da sahu ya karye ko sau ɗaya da babu wanda zai tsira. Amma nasarar ta horo ce da ƙarfe kafin ta zama ta zuciya.

Na huɗu, sunaye. Sanarwar ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikin soja 44 ɗin ba, su da suka tsaya sa'a biyu ba su watse ba. Duk da haka akwai gaskiya ɗaya da ta kuɓuce wa marubucinta, wadda ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa: ta yarda cewa mutanen Kano, bayan hasara mai yawa, sun ja da baya cikin tsari. Rundunar da ta rasa jagoranta ta kuma janye cikin tsari ba taron tsintsiya ba ce. Wannan shaida daga bakin abokin gāba ta fi kirari daraja.

4. Perham da Muffett

Littafin Perham aiki ne babba wanda ba za a iya nazarin Lugga ba tare da shi ba. Ta san shi da kanta shekaru da yawa, ta sami takardunsa da wasiƙunsa, ita ce kuma, tare da Mary Bull, ta fitar da littattafan ajiyar bayanansa na yau da kullum. Ba ta ɓoye taurin kansa ba, ko yadda ya ke ƙin raba iko da kowa, ko gardamarsa da Landan. Amma aibin littafin yana nan inda ƙarfinsa ya ke. Tun da ta tagar Lugga ta ke kallon duniya, sai ya zamana gwagwarmayar 1903 a wurinta tana tsakanin mutum mai hangen nesa a Zungeru da ma'aikata masu ɗari-ɗari a Landan. Sarkin Musulmi da sarakunansa sun zama kamar tsauni ko kogi da ke kan hanya, abin da a ke ƙetarewa. Garuruwan Zamfara kuwa zango ne kurum tsakanin Kano da Sakkwato. Mai karatu zai rufe babin ya san abin da ke zuciyar Lugga sarai, bai san abin da aka tattauna a majalisar Attahiru ba.

Muffett ya zo ta wata ƙofa. Ma'aikacin mulki ne da ya daɗe a Arewa, yana jin Hausa, ya zauna da tsofaffin da suka ga yaƙin ya rubuta abin da suka gaya masa. Babbar gudummawarsa ita ce tambayar da ya ɗora a kan wasiƙar Abdurrahman: ya bi sawunta, ya nuna ba a sami asalinta na Larabci ba, sai fassara, ya kuma yi shakkar ko abin da Lugga ya kafa hujja da shi haka ya fito daga Sakkwato. Ko mutum ya yarda da hukuncinsa ko bai yarda ba, tun daga 1964 ba ya halatta ga malami ya kawo wannan wasiƙa a aji kamar abin da babu magana a kansa. Sa'an nan Muffett ya ba mutanen Kano da Sakkwato sunayensu da mutuncinsu na mayaƙa.

Shi ma akwai abin da za a kama shi da shi. Shaidun da ya ji sun yi magana ne bayan shekara hamsin da wani abu, kuma ga Bature mai muƙami, a zamanin da jikokin waɗanda suka yi hijira da jikokin waɗanda suka miƙa wuya ke zaune majalisa ɗaya. A irin wannan zama akwai abin da tsoho zai faɗa, akwai wanda zai haɗiye. Kāna Muffett yana son labarin mazaje ƙwarai, har ya kan mai da yaƙin kamar gasa tsakanin jarumawa na ɓangarori biyu. Talakan da aka kwashe wa hatsi don ciyar da runduna, da wanda aka ɗora wa akwatin harsashi a ka daga Kano zuwa Ƙaura, ba su da babban wuri a littafinsa, kamar yadda ba su da shi a na Perham.

Gyara ya zo daga baya. I. F. Nicolson cikin 1969 ya nuna yadda Lugga da matarsa Flora Shaw, wadda ta yi aiki a jaridar The Times, suka taimaka wajen gina sunansa da alƙalaminsu. R. A. Adeleye cikin 1971 ya karanta wasiƙun Larabci na daular, ya ba da labarin daga cikin gida. Wanda zai koyar da 1903 ya kamata ya aza waɗannan huɗu gefe da gefe.

5. Ma'aunin Shugabanci

In aka tambaye mu hukunci, za mu raba shi uku.

Wajen shiri da dabara, Lugga ya cancanci yabon da a ke masa. Ya zaɓi hunturu, lokacin da rafuka suka ƙafe kuma hatsi ke rumbu. Ya san daular ba ta da runduna guda tsayayya, kowane sarki garinsa ya ke tsarewa, saboda haka ya bi su ɗai-ɗai bai bar su sun haɗu ba. Ya san raunin da Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta bari, da ɓacin ran da ke tsakanin Sakkwato da wasu garuruwan Zamfara tun tawayen Mafara a zamanin Abdurrahman. Cikin mako shida, daga 3 ga Fabrairu zuwa 15 ga Maris, da soja da ba su cika dubu biyu ba, manyan birane biyu suka faɗi. Ya kuma san cewa cin gari daban, riƙe shi daban, don haka ya yi hanzarin naɗa sarakuna, ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba.

Wajen gaskiya ga na sama da shi, bai fita ba. Shugaban yaƙin da ya shirya tafiya ya bar waɗanda ya ke ƙarƙashinsu su ji a jarida ya karya ƙa'idar da shi kansa ba zai yafe wa ƙaramin hafsa ba. Nasara ce ta rufa masa asiri. Da sahu ya karye a Kwatarkwashi, ko ganuwar Kano ta yi gardama, da wani labarin a ke karantawa.

Wajen sassauci bayan nasara, nan ne ma'auni ya fi yi masa nauyi. Gaskiya ne sa'ad da aka yi yaƙin Burmi na ƙarshe, ran 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, Lugga yana hutu a Ingila, William Wallace ke riƙon ƙwarya. Amma Satiru a hannunsa ta faru. Bayan mutanen garin sun kashe Turawa uku da soja cikin Fabrairu 1906, ran 10 ga Maris aka far musu, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Cikin wannan shekara Winston Churchill, yana ƙaramin minista a Ofishin Ƙasashen Mallaka, ya rubuta rashin jin daɗinsa da yawan zubar da jini a yaƙe-yaƙen Arewa. Mai sukar Lugga a kan wannan ba ma'aunin zamaninmu ya ɗauko ba, gama mutanen zamaninsa ma sun faɗa.

6. Abin da Ya Rage ga Malamai

Akwai wani fannin shugabanci a 1903 wanda littattafan Ingilishi na farko ba su auna ba, shi ne na waɗanda aka ci. Mutum huɗu sun fuskanci tambaya ɗaya, kowa ya ba da amsa daban. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa. Wambai Abbas ya zaɓi komawa gida don a tsira da gari. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya bi ta Gusau ya nufi gabas, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, waɗanda suka tsira daga Burmi kuwa ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai su Sudan, inda zuriyarsu ta ke har yau a bakin kogin Nilu. Wazirin Sakkwato Buhari ya zaɓi zama, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa ga malamai. Biyu daga cikin waɗannan amsoshi a ƙasar Zamfara aka ba da su, ta uku kuwa ta ratsa ta cikinta. Ɗalibin da aka sa ya auna waɗannan huɗu, ya faɗi abin da kowanne ya tsare da abin da ya rasa, ya koyi ma'anar shugabanci fiye da wanda ya haddace jerin muƙaman Lugga har zuwa rasuwarsa cikin 1945.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce, su kawo sanarwar Wright aji kamar yadda ta ke, su fassara ta, su sa ɗalibai su ware abin da aka ƙidaya daga abin da aka kintata, su nemi wanda aka ambata da wanda aka bari. Sa'an nan su aike su gida da tambaya. Waɗanda suka ga yaƙin duk sun shuɗe, amma a Kwatarkwashi da ƙauyukanta, da Tsafe da Bunguɗu da Gusau, akwai dattawan da suka ji daga kakanninsu inda ayari ya sauka, da inda aka binne matattu, da abin da aka karɓa a gari. Irin wannan riwaya tana bukatar tacewa kamar yadda sanarwar Landan ke bukata, domin baki ma ya kan ƙara gishiri. Amma sai an tattara kafin a tace, lokaci kuwa ba ya jira, musamman da rashin zaman lafiya na shekarun nan ya tarwatsa ƙauyuka da yawa a Zamfara, ya raba tsofaffi da wuraren da labarinsu ke rataye a kai.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Turawa sun rubuta nasu gefen, sun kuma rubuta shi da kyau, har wasu daga cikinsu sun gyara wa 'yan'uwansu kuskure. Gefen Zamfara ne ya rage, kuma sassan nazarin Hausa da ɗalibansu su ya fi kamata su rubuta shi, da harshen da aka yi kuka da shi a ranar.